Hambali Mai Burki da Ƙafar Taubashinsa

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Mai Girma Injiniya Hambali na Lakwaya, Sarkin Burkin Gwarzo da Kewaye, Gwamnan Ƙarƙashin Mota, mutumin da ya fi kowa yawan kwanciya a ƙaramar hukumar nan amma ba a taɓa kama shi yana barci ba. Fadarsa na bayan tasha, gindin wata darbejiya. Karagar mulkinsa wani yagaggen kwali ne da ya sha baƙin mai har ya daina jiƙewa in an yi ruwa. Fadawa kuwa babu ko ɗaya, duk sun gudu sun koma acaɓa.

Ɗan maƙera ne. A Lakwaya aka haife shi, ya tashi yana zuga wa mahaifinsa wuta ana ƙera fartanya da lauje. Da ya fara tasawa sai ya lura garma ba ta tafiya da kanta, mota kuwa tana yi, sai ya tattara ya tafi Kano wajen wani Bayarabe mai gareji, ya sha ranƙwashi shekara da shekaru. Abokan koyonsa kowa inji yake so, don mai gyaran inji ake kallo in mota ta tashi. Shi kuwa sai ya zaɓi abin da ke tsayar da ita. In an tambaye shi dalili yakan ce sa mota gudu ba gwaninta ba ce, ko gangara ta samu za ta gudu.

Ya dawo Gwarzo lokacin da ƙasa ke da maiƙo, ana sayen kayan mota sababbi fil a kwalinsu. Bai daɗe da kafa garejinsa ba gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kuma har yau ba a dawo an ce a saki ba. Sabon kaya ya ɓace, aka koma 'yan Beljiyam, waɗanda Turawa suka gama mora suka yar. Direbobi suka fito da dabara: in burkin baya ya fara yoyo, sai a cusa ƙusa a bututun man, a daddale shi da guduma, a bar mota da burkin gaba kaɗai. Hambali ba ya yi. Wanda ya matsa masa sai ya nuna masa hanyar wani garejin da sifana, ko kai ba ya ɗagawa. Shi ya sa har yanzu bai yi rufin kwano a gidansa ba.

Aikin burki yana da wata gaɓa da mutum ɗaya ba ya iyawa, ko da Gwamna ne. In an canza kaya iska kan shiga bututun mai, kuma muddin tana ciki, in ka taka burki sai ka ji kamar ka taka burodi. Dole a fitar da ita. Ɗaya zai zauna a kujerar direba yana takawa, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana buɗe wani ɗan noti yana rufewa. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya yi ta takawa. Ya ce riƙe, ya danne ya riƙe. A buɗe noti, mai ya yi tsartuwa da kumfa, a rufe, sannan a ce saki. Tunda yaran Hambali suka watse, mai mota shi ke hawa ya taka. Da haka ya san ƙafar kowane direba a layin Gwarzo fiye da yadda ya san fuskarsa. Ya san ta mai gaggawa, ya san ta rago, har ta wanda ya fito gida bai karya ba yana ganewa.

Ƙafar da ya fi sani ita ce ta Bashari.

Bashari mutumin Durun ne ta ƙasar Kabo, yana jan wata Fijo salun, irin mai faifan burki gaba da baya, daga Gwarzo zuwa Kano. A da fara ce, daga baya ta koma launin kunun kanwa. Taubashin Hambali ne, don uwar Hambali ƙanwar uban Bashari ce, saboda haka tun suna yawo ba wando kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har furfura ta fito ba a yanke hukuncin wane ne bawan wane ba. In Bashari zai shigo gareji tun daga nesa yake danna ham, ya leƙo ta taga yana tambayar ina bawan nan nasa mai kwana a ƙasa kamar ƙadangare. Hambali daga ƙarƙashin wata motar zai ce a gaya wa mai akwalar nan ya matsar da ita, kada masu gwangwan su zo su ɗauke ta a kan kuskure. Ba su taɓa yi wa juna gaisuwar kirki ba. Ranar da mahaifiyar Hambali ta rasu ma, Bashari zama ya yi kusa da shi har aka watse, sannan ya ce masa yanzu dai ya zama maraya, sai ya riƙa yi wa ubangidansa biyayya. Hambali ya yi dariya yana share hawaye da hula.

Takun Bashari daban yake. Yakan yi gajeru-gajeru da sauri, kamar mai buga ƙofar gidan da ya saba, sannan ya danne da nauyinsa duka, har motar ta ɗan yi ƙara a kan jak. In Hambali ya buɗe noti, man sai ya tsarto har gemunsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano tasha ta canza kama. Mata suka koma kujerar baya, kaset ɗin kiɗa ya ba na wa'azi wuri, 'yan kamasho suka fara tsayar da gemu, masu ashar suka koma yin ta ƙasa-ƙasa. A farkon daminar shekarar ne Bashari ya tsuguna zai yi alwalar la'asar a ƙofar gidansa, buta ta suɓuce masa, ya bi ta. Aka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Motar tana nan inda ya ajiye ta, da burkin hannu a ɗage. Ruwa ya sauka a kanta har ya ɗauke, wata daminar ta zo ta same ta, kaji suka mai da ƙarƙashinta gida.

Hambali yakan je duk Juma'a bayan an sauko. Da farko Bashari ba ya iya magana, ido kawai. Ranar da harshensa ya fara sakuwa, kalmar da ta fara fita sosai ita ce bawa, kuma Hambali ya dawo Gwarzo yana ba kowa labari kamar an yi masa haihuwa. A hankali Bashari ya fara tsayuwa, ya fara takawa da sanda yana jan ƙafar. Da kaka ta biyu ta zo, ya ga motoci na wucewa maƙil da buhunan gyaɗa da masu zuwa kasuwa, sai ya ce shi fa ya warke, hanya zai koma.

Matarsa Uwaliya ta ce ba da ita ba. Ta ɗauke makullin ta jefa a tukunyar daddawa, inda ta san namiji ba zai sa hannu ba. Babban ɗansu Musbahu, mai koyarwa a Islamiyya, ya goyi bayan uwarsa, ya ce akwai wani mutumin Kabo da ke son motar, a sayar a saya wa Baba tumaki ya riƙa kiwo a gida. Bashari ya ce shi da ya yi shekara talatin yana kai mutane birni ba zai ƙare a gadin tunkiya ba. Magana ta yi tsawo har ta kai gaban Malam Muhammad Nur, limamin unguwar. Malam ya saurari kowa, ya ce abin ba na gida ɗaya ba ne, tunda rayukan mutane za a zuba a motar. Sai an sami wanda ya san abin ya ba da shaida, kuma kowa ya san nauyin shaida.

Nan Bashari ya yi dariyarsa ta gefen baki. Ya ce a kira masa bawansa. Motar dama sai an gyara burkinta, to in an zo fitar da iska shi zai taka, Hambali na ƙasa. Duk abin da Hambali ya ce game da ƙafar nan, ya yarda. Malam ya maimaita a gaban kowa: in Hambali ya ce ƙafa ta riƙe, a ba Bashari makullinsa, in ya ce ba ta riƙe ba, a sayar. Kowa ya amsa.

Da labari ya isa Gwarzo, Hambali ya so ya zille. Ya aika cewa shi ba likita ba ne. Bashari ya aiko masa da amsa, wai wane likita ne ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin ƙafarsa.

Hambali ya je ya duba motar. Burkin baya ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Kalifa, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cije faifan in an taka, ta daskare a cije tun ranar da aka ja burkin hannu. Faifan kuwa tsatsa ta cinye su kamar gara ta shiga azara. Dole a canza duka, hagu da dama. Ya hau mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ya yi ta tona tarin ƙarafa, ya dawo hannu rabbana ya ce bai sami masu kyau ba. Ya sake komawa, ya sake dawowa haka. Masu kayan sun yi mamaki, don sun ga ya ɗauki faifai lafiyayye sumul, ya shafa shi, ya juya shi, ya ajiye. Lokaci yake saya wa ƙafar Bashari. Sai da Bashari ya aiko a tambaye shi ko sai an ƙero masa daga Faransa, sannan ya sayo.

Ranar aikin da hantsi ya isa Durun da jakar kayansa. An shimfiɗa tabarma a inuwa, Malam na zaune da wasu dattawa, Musbahu na tsaye, Uwaliya na bayan ƙyauren zaure, ba a ganin komai nata sai gefen mayafi. Bashari ya sa wankakkiyar riga da hular da yake tuƙi da ita. Ya ce wa Hambali ya makara, bayin zamani ba su da tarbiyya. Hambali ya ce ai jira ya yi kaji su gama kwashe kayansu daga gidan haya.

Ya sa duwatsu a tayoyin gaba, ya ɗaga bayan, ya cire taya. Ya zuba kananzir a kan notuna ya bar su su sha. Ya zare wayar burkin hannu, ya kwance bututun mai, wani baƙin ruwa mai wari ya ɗigo. Kalifar ta ƙi fita sai da guduma, shi ma sai da ya tuna da aikin gidansu na maƙera. Faifan ya fito yana zubar da jan gari. Ya goge mazauninsa da samfefa har ya yi haske, ya zaunar da wanda ya sayo, ya juya shi da hannu yana kallon gefensa ko zai yi rawa. Ya ɗaura kalifa, ya tabbata ɗan notin iska na kallon sama, ya sa fatar burki, ya mayar da waya da bututu. Ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Aikin da ya saba gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da aka yi azahar aka dawo yana kai. Kowane noti sai ya ɗaure ya sake dubawa. A ƙarshe dai notunan suka ƙare.

Musbahu ya matso zai kama mahaifinsa, Bashari ya ture hannunsa. Ya jingina sandar a jikin mota, ya zauna, ya ɗaga ƙafar dama da hannuwansa ya shigar da ita, ya ja ƙofa ya rufe. Hambali ya cika kofin mai a gaba, ya shimfiɗa kwalinsa, ya shige.

"Taka," in ji shi.

Ya kasa kunne. Babu bugun nan na mai ƙofa. Wani motsi ne a hankali, kamar ana tura ƙyaure kada mai barci ya farka.

"Riƙe."

Ya buɗe notin. Mai ya leƙo, ya tsaya a baki, ya gangaro a jikin kalifa kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke. Hambali ya rufe. Ya ce da ƙarfi, don na kan tabarma su ji, notin nan a toshe yake, kayan Beljiyam ba su da amana. Ya cire shi ya zura masa waya ya hura, alhali hasken rana ma ana gani ta cikinsa. Ya mayar. Ya ce taka, ya ce riƙe, ya buɗe. Ɗigon nan dai. Ya kwanta yana kallon ƙasan motar, inda wata kaza ta bar gashinta a maƙale.

Ya sake cewa taka. Sai motar ta motsa a kan jak. Ya buɗe noti, mai ya tsarto da kumfa har gemunsa. Daga tabarma wani dattijo ya ce Alhamdu lillahi. Shi ma Hambali har ya buɗe baki zai yi zagi na murna. Sai ya ce a sake, aka sake, ya saurara da kyau. Babu gajeru-gajerun. Turi ɗaya ne dogo har ƙasa, a saki gaba ɗaya. Haka ake taka kuloc, kuma ƙafar da ta shekara talatin tana taka kuloc ba ta iya wani takun ba.

Ya fito kamar zai ƙara mai, ya bi ta gefen direba ya leƙa. Ƙafar dama na kwance a gefe, takalminta ya fice. Ta hagu ta tsallako tana kan burki. Bashari ya jiƙe sharkaf da gumi, hularsa ta goce. Suka kalli juna.

"Ɗan Gwaggo," in ji Bashari a hankali, "kai kaɗai ka gani."

Rabon da ya kira shi da wannan sunan tun ranar da aka yi musu kaciya.

"In kana burki da ita, wa zai taka kuloc?"

"Zan koya. Ka dai ce ta riƙe. Ai ta riƙe, ba ƙarya ka yi ba."

Hambali ya juya ya bar tagar. Ya je ya ƙara man da bai ragu ba, ya koma ƙasa. Yana kwance yana ganin Bashari a ransa, a ƙofar gida da tumaki, mutumin da bai taɓa iya zaman wuri ɗaya ba ko a gidan biki. Yana kuma ganin gangaren nan na kusa da kasuwa, da mata cike da kujerar baya da goyonsu, da saniya ta faɗo titi, da ƙafa ɗaya tana neman wurare biyu. Ya yi ta cewa taka, riƙe, saki, har kumfa ta ƙare mai ya fito garau. Ya koma ɗaya gefen suka gama shi tare. Ya mayar da tayoyi, ya sauke jak.

Malam ya bari Hambali ya wanke hannu da kananzir da ƙasa, ya goge da tsumma. Ya daɗe yana gogewa. Sannan Malam ya tambaye shi abin da ya gani, tsakaninsa da Allah.

"Burki ya kama, Malam," in ji Hambali. "Amma da hagu ya taka."

Gefen mayafin nan ya ɓace daga bakin zaure. Bashari ya buɗe ƙofa, ya miƙa wa Musbahu hannu da kansa, aka fito da shi. Ya ce wa Malam ya ji, ya kuma yarda, tunda shi ya kawo mai shaida. Ya shige gida ko takalmin bai tsaya ɗauka ba. Can sai ga yarinya da kwanon tuwo, wai in ji Uwaliya a gode wa Baba Hambali, Allah ya jiƙan mahaifiyarsa. Ya karɓa ya ajiye a kan but ɗin motar, ya ɗauki jakarsa ya kama hanya.

Mutumin Kabo ya zo ya ɗauki motar, kuma ya yi ta yabon burkinta a tasha. Tana wucewa ta bayan tashar Gwarzo kusan kullum, ba ta yin ham.

Juma'ar da ta biyo Hambali ya je Durun kamar yadda ya saba. Bashari na ganinsa ya sa aka ɗauko sabuwar tabarma ta baƙi. Ya ce Malam Hambali sannunku da zuwa, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da aiki, ina labarin mutanen Gwarzo. Gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya rage. Hambali ya ce masa kai gurgun bawa, wa kake wa wannan iyayin. Bashari ya ce Allah ya saka da alheri, an gode da ziyara. Aka kawo ruwa a kofin tangaran. Haka ake yi har yau. Yana zuwa, ana girmama shi, yana dawowa. Tumakin sun hayayyafa, mai su kuwa ya rame, magana ma ya rage ta.

Ni da na haɗa wannan labarin sai na ga bai kamata Gwamna ya ji shi a bakin wasu ba. Na same shi a ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kaɗai a waje. Na tsuguna na karanta masa tun daga sarautunsa har ƙarshe, na ƙara da cewa tarihi ba zai manta da mutumin da ya zaɓi gaskiya a kan jininsa ba, kuma mata da yaran da ba su ma san shi ba suna raye ta dalilinsa. Na jira. Sai da ya gama ɗaure notin da yake ɗaurewa.

"To," in ji shi daga ƙasa. "Ka je Durun ka karanta wa ƙafar tasa, ko za ta motsa."